Munduwar Maganaɗisu Da Cinikin Biri A Sama

 Ga wata mas'ala da ta shigo mana zaure, muka ga bai kamata a bar ta a zaure ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana fataucin goro kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya zo bayan la'asar ya miƙo hannu. Sai ga munduwa fara tana ƙyalli, an jera mata waɗansu 'yan baƙaƙen duwatsu ta ciki kamar ƙwayar dawa. Ya ce, "Malam, ɗana ya saya mini wannan domin sanyin ƙashi. Abin da nake tambaya, ko ya halatta in yi salla da ita, ko kuwa sai na cire?" Muka tambaye shi kuɗinta, ya faɗa. Da muka lissafa sai muka ga ta ci kuɗin buhun gero biyu. Muka ce masa, "Alhaji, maganar salla mai sauƙi ce, za mu zo kanta. Amma akwai tambayar da ta riga ta, watau, mene ne aka sayar wa ɗanka?"

Wannan haja ta yawaita a garuruwanmu. Akwai munduwa da zobe, akwai ɗamara ta ɗaurawa a ƙugu, akwai shimfiɗar cikin takalmi, akwai sarƙar wuya mai faifan baƙin dutse, har da katifa sukutum. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, a ba mutum guntun ƙarfe ya riƙe minti ɗaya, sai ta fito da takarda wai ta ga hantarsa da ƙodarsa da ɓargonsa, kana mai na'urar ya buɗe jaka ya fito da maganin abin da ta gani. Da a bakin tasha ake irin wannan talla da lasifika. Yanzu ta shiga ɗakunan taro masu fanka da kujeru, ta shiga wayar hannu, inda ake turo wa mutum hoton tsohuwa ta yar da sanda tana rawa. Waɗanda ake nufi da hajar su ne masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, masu ciwon baya da ƙugu da gwiwa da amosanin gaɓɓai.

Ba mu ga laifin mai ciwo ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mu kanmu mun san abin da zaman buzu na shekara talatin yake yi wa gwiwa, mun san sanyin asuba na lokacin hunturu sa'ad da tashi daga sujada yake zama aiki. Maganarmu da mai haja ce da hujjarsa.

Hujjarsa kuwa ita ce wannan. Ya ce a cikin jinin ɗan Adam akwai ƙarfe, maganaɗisu kuwa mayen ƙarfe ne, saboda haka in an ɗora shi a inda ke ciwo zai jawo jini zuwa wurin, jini ya gudana, ciwo ya tafi. Farkon maganar gaskiya ne. Akwai ƙarfe a jikin baligi, misalin giram 3 zuwa 4, abin da bai wuce nauyin ƙaramar ƙusa ba. Amma wannan ƙarfe ba a siffar ƙusa yake ba. A warwatse yake ƙwaya ƙwaya, galibinsu a ɗaure cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, kuma a wannan hali ba ya amsa kiran maganaɗisu kamar yadda allura take amsawa. Tun 1936 wani masani Ba'amurke, Linus Pauling, da abokin aikinsa suka auna wannan. Suka tarar jinin da ya ɗauki iska maganaɗisu ba ya jansa ko kaɗan, wanda ya sauke iska kuwa jan da ake yi masa ƙanƙane ne ƙwarai, sai da ma'auni mai laushi ake gane shi. Wanda bai yarda ba, gani ya kori ji. Ya ciro maganaɗisu mai ƙarfi daga tsohuwar lasifika ya tafi mahauta, ya kara shi a jikin hanta ɗanya, wadda ta fi tsoka yawan ƙarfe, ya ga ko za ta motsa.

Har ila yau, a manyan asibitoci akwai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da likitoci ke kira MRI. Wannan maganaɗisu ne ƙato da ake tura mutum ɗungum a cikinsa. Ƙarfinsa, a ma'aunin da ake kira gaus, yakan kai 15,000 zuwa 30,000, har yana iya fizgo tukunyar iska ta ƙarfe daga wancan gefen ɗaki, shi ya sa ake raba mutum da makulli da agogo tun a bakin ƙofa. Da jini yana bin maganaɗisu, da ba wanda zai shiga wannan na'ura ya fito da rai. Ga shi kuwa kullum ana shiga ana fita lafiya, kuma masu ciwon baya su ne da yawa daga cikin masu shiga, ba mu ji an ce sun fito sun warke ba. Dutsen munduwa ƙarfinsa ɗaruruwa ne ko 'yan dubbai, shi ma a kan fuskarsa kaɗai, da an ɗan nisanta sai ya faɗi warwas. Ku gwada da allura. Ku sa 'yan takardu tsakaninta da dutsen, ku yi ta ƙarawa, ku ga a kauri nawa zai sake ta. Sa'an nan ku tuna gaɓar ƙugu tana can ƙarƙashin fata da kitse da tsoka.

Idan an ce, to, ai ga mutane nan suna rantsuwa sun ji sauƙi, ko duk maƙaryata ne? Sai mu ce a'a, galibinsu masu gaskiya ne, sun ji sauƙin. Abin bincike shi ne sababin sauƙin. Ciwon gaɓɓai yana da hawa da sauka, yau ya matsa, jibi ya sassauta, ko an yi magani ko ba a yi ba. Mutum kuwa ba ya fitar da kuɗi sai ran da ciwo ya kai maƙura, kuma daga maƙura ba inda ciwon zai nufa sai ƙasa, sai saukar ta zo daidai da ɗaura munduwa. Zakara yana cara alfijir yana ketowa, amma ba mai hankalin da zai ce caran ne ya keto da shi. Bayan wannan akwai aikin zuciya. Wanda ya sa rai zai sami sauƙi, raɗaɗinsa yakan ragu da gaske na ɗan lokaci, likitoci sun tabbatar da haka. Ita ɗamara kuwa tana ɗumama ƙugu tana tallafe shi, abin da tsohon rawani zai yi in an naɗa shi da kyau. Akwai kuma kunya. Dattijon da ɗansa ya kashe kuɗin buhu biyu dominsa, da wane baki zai ce bai ji komai ba?

Wannan rikici na rarrabe aikin magani da dacewar lokaci tsoho ne, kuma magabatan ilmin ɗibbu sun san shi. Abubakar Ar-Razi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu a 925, ya ba da labarin yadda ya sami masu alamun wata cutar kai, ya fitar wa waɗansu jini, ya bar waɗansu da gangan, domin ya kwatanta ya ga bambanci. Likitocin yau ba su bin sa a kan wannan magani, amma hanyar da ya bi ita ce abin lura. Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa bakwai na jarraba magani a littafinsa Alƙanun. A cikinsu akwai cewa lalle a ga aikin maganin kullum ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dacewa ce kawai, kuma lalle a jarraba shi a jikin ɗan Adam. Saboda haka wanda ya nemi a gwada munduwa kafin a yarda da ita bai zo da baƙon abu ba.

An kuwa gwada, ba sau ɗaya ba. A 1778 wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya sauka Paris. Ya faro da warkarwa da maganaɗisu, daga baya ya ce ai ƙarfin a jikinsa yake, yana iya zuba shi a ruwa ko a itace. Manyan gari suka yi ta tururuwa, ana suma ana farfaɗowa ana cewa an warke. A 1784 Sarkin Faransa Luwi na 16 ya naɗa masana su bincika, cikinsu har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka. Dabararsu ɗaya ce, rufe ido. Wani almajirin Mesmer ya zuba ƙarfin nasa a wata itaciya cikin lambu, aka kawo yaro ɗan shekara 12 an ɗaure masa ido, aka riƙa kai shi gindin waɗansu itatuwan dabam. Yaro ya yi ta jin abin yana ƙaruwa, a itaciya ta huɗu ya faɗi sumamme, alhali ba a kai shi gindin wadda aka yi wa aikin ba. Masanan suka yanke hukunci cewa wahami ne ke aiki.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Elisha Perkins, wani likita na jihar Connecticut a Amurka. A 1796 ya sami takardar mallakar waɗansu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu, ko wanne tsawon ɗan yatsa, wai in an shafa su a inda ke ciwo sai su zuƙe cutar. Ɗansa ya kai su Ingila yana sayar da biyun gini biyar, watau fam biyar da sule biyar, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Limaman coci da manyan mutane suka rubuta takardun shaida, kasuwa ta buɗe. Sai wani likita a garin Bath, John Haygarth, ya sa aka sassaƙa masa irinsu da itace, aka shafa musu fenti suka zama kamar na ƙarfen. A watan Janairu na 1799 ya shafa wa mutum biyar masu tsohon sanyin ƙashi. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Kashegari ya zo da na ƙarfen na gaske ya shafa musu, sakamako bai canza ba. Ku duba fa, 'yan'uwa, bai ƙaryata marasa lafiya ba, bai zagi mai haja ba. Itace kawai ya ajiye kusa da ƙarfe, itace ya yi abin da ƙarfe ya yi.

A zamaninmu an maimaita wannan da mutane masu yawa. A 2002 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ɗauki mutum 610 masu ciwon gaɓɓai da tsoka, suka ba rabi wata munduwa mai suna Q-Ray da ake cewa an cusa mata wani ƙarfi, suka ba rabi mai kama da ita wadda ba a yi wa komai ba, ba wanda ya san wadda ya samu. Bayan mako huɗu ɓangarorin biyu duka suka ce sun ji sauƙi, kuma sauƙin daidai wa daida. A 2006 wata kotu a Chicago ta kama masu munduwar da laifin tallan ƙarya, ta ce su mayar wa masu saye kuɗin da bai gaza dala miliyan 22 da rabi ba. A 2010 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta tilasta wa masu wata munduwar roba, Power Balance, wadda 'yan wasa suka yi ta ɗaurawa, su fito fili su faɗa cewa ba su da ingantacciyar hujja ta ilmi a kan abin da suke da'awa. A 2013 kuma masu bincike a jami'ar York ta Ingila suka ba mutum 70 masu amosanin gaɓɓai abubuwa huɗu su ɗaura bi da bi, ko wanne mako biyar: maganaɗisu mai ƙarfi, da mai rauni, da wanda aka kashe ƙarfinsa, da munduwar jan ƙarfe. Suka auna raɗaɗi da kumburi, ba su ga wanda ya fi wani ba.

Bari mu tona wata dabara da aka yi a gabanmu a wani ɗakin taro. Mai talla ya kira mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya ya buɗe hannuwa, ya danna masa hannu, mutum ya yi tangaɗi. Ya ɗaura masa munduwa ya sake dannawa, mutum ya tsaya ƙyam, jama'a suka ɗauki kabbara. Mu da muke zaune a gefe mun ga abin da ya faru. A karon farko ya danna yana ja waje, a karo na biyu ya danna yana turawa wajen ƙafar da ke ƙasa. Ko wane ɗan kokawa ya san wannan. Ƙari kuma, wanda aka tura sau ɗaya ya riga ya shirya wa na biyu.

Idan an ce, to, in wahami ne ma, tun da yana rage raɗaɗi, ina cutarwa? Sai mu ce cutarwa tana nan, kuma mafi girmanta jinkiri. Ciwon baya ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gajiya da tsufa, akwai wanda tarin fuka ke haddasawa in ya kama ƙashin baya, wannan kuwa yana da magani sananne, in an makara yana iya kwantar da mutum ƙafafu su mutu. Akwai wanda ciwon daji ke jawowa, akwai na ƙoda. Duk mai ciwon baya da ya ga yana ramewa, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana ƙwace masa, wata shida da zai yi yana jiran ɗamara ta yi aiki wata shida ne da cutar ta samu kyauta. Haka mai ciwon sukari da tafin ƙafarsa ke zugi, aka ba shi shimfiɗar takalmi mai ƙulle-ƙulle, tana iya ji masa rauni bai sani ba, raunin mai sukari kuwa kun san inda yake kaiwa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, maganaɗisu a kusa da ƙirjinsa yana iya rikita ta. Ita kuwa sarƙar baƙin dutse, a watan Disamba na 2021 hukumar kula da tururin nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a a kan kaya iri goma na wannan dangi, ta ce sun ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, ta hana sayar da su, ta ce wanda ya mallaka ya daina ratayawa. Ashe a nan akwai ƙarfin da gaske, sai dai ba irin wanda aka yi talla ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba ko wace na'ura ce ƙarya ba. Masu gashin ƙashi a asibiti suna da wata mai aika ɗan lantarki ta fata, waɗansu sukan ji sauƙi da ita na ɗan lokaci, kuma ba su ce tana warkarwa ba. Mu faɗi kuma cewa likita ma ba shi da maganin da zai mayar da gwiwar ɗan shekara saba'in ta ɗan ashirin. Abin da zai ce shi ne a rage ƙiba, a riƙa tafiya da ƙafa, a ƙarfafa tsokar cinya, a gasa da ruwan ɗumi, a sha maganin raɗaɗi da ƙa'ida, domin shi ma yawansa yana cin ciki da ƙoda. Magana ce marar daɗi, ba ta da ƙyalli, ba a yi mata taro da fanka. Amma asibitin ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, kuma kuɗin munduwa ɗaya ya isa kuɗin mota da na kati ga mutane da yawa.

Yanzu ga 'yan kasuwa. Mun san da yawa daga masu sarin wannan kaya ba su da nufin zamba. An kira su taro, an nuna musu takardu masu hatimi da Turanci, an ce in sun kawo mutum biyar za su sami kaso, su ma kansu sun ɗaura. Amma duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana algus da yaudara da garari da ɓoye aibi. Mai sayen munduwa ba ƙarfe ya zo saye ba, ƙarfen bai kai kuɗin ba, kowa ya sani. Sauƙin ciwo ya biya, shi ne abin cinikin a haƙiƙa. To, kai da ka karɓi kuɗin, kana da yaƙinin za ka iya miƙa masa abin da ya biya? In ba ka da shi, wannan cinikin biri a sama ne. Da kana da uzurin rashin sani, amma wanda wannan takarda ta iske uzurinsa ya ragu. In kana son sayar da ita a matsayin ado, da kuɗin ado, ba mai hana ka. Ga wanda ya tabbata hajarsa tana aiki kuwa, ƙofar Haygarth a buɗe take. Ya kawo munduwa ashirin, a cire duwatsun goma a sa baƙin dutsen banza, a naɗe duka da fata yadda ba mai ganewa, wani amintacce ya riƙe lissafi a rufe, a raba wa masu ciwo ashirin, bayan wata guda a tambaye su. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaurenmu yana nan ga mai so.

Ga 'yan'uwanmu malamai kuma kalma ɗaya. Masu wannan haja sun gane cewa bakin malami ya fi lasifika kaiwa nesa, shi ya sa suke kawo mana kyauta, su nemi a ɗauki hoto, ko a ba su minti biyar bayan karatu. Talaka in ya ga munduwa a hannun malaminsa ya gama bincike. Mu da muke koya wa yara kada su karɓi ruwaya sai sun san wanda ya ruwaito, bai dace mu ba da shaida a kan abin da ba mu auna ba.

Shi kuwa Alhaji mun ba shi amsarsa. Ƙarfe ba najasa ba ne, sallarsa ta inganta, ko da yake malaman mazhabarmu sun karhanta wa namiji zoben baƙin ƙarfe da na tagulla. Muka roƙe shi kada ya yi wa ɗansa faɗa, domin yaron jin ƙai ya nufa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce gaskiya makon farko ya ji dama, amma tun da iskar hunturu ta taso gwiwar ta koma gidan jiya, kunya ce ta hana shi faɗi. Ɗan ya koma wurin wanda ya sayar masa, aka ce kayan da aka ɗaura ba a karɓarsa. Ran Litinin mai zuwa zai kai mahaifinsa a duba gwiwar. Munduwar tana wurinmu, almajirai suna tsince allura da ita in ta faɗi cikin rairayi.